Faci Ta Imel, Pull Request Ko Gerrit: Ta Wace Ƙofa Za Ka Fara Tura Gyaranka?

Wanda ya gano kuskure a wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, ya gyara, ya gwada a kwamfutarsa ya ga komai ya tafi daidai, yakan ɗauka aiki ya ƙare. Akwai sauran rina a kaba. Gyaran da ke kwance a kwamfutarka bai amfani kowa ba sai ya isa hannun masu kula da manhajar, cikin siffar da za su iya karantawa, su yi tambaya, su gamsu, su shigar da shi. Manyan hanyoyin isar da shi a yau uku ne: a tura faci, wato rubutun canjin da aka yi wa kod, ta imel, a buɗe buƙatar haɗewa (pull request) a shafi irin GitHub ko GitLab, ko a ɗora shi a Gerrit, wata manhajar bitar kod.

Gara a faɗi wani abu tun da wuri. Ba kai ke zaɓar wa aikin wasu hanya ba. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin Linux, ba ya karɓar gyara ta GitHub duk da cewa akwai kwafin rumbun kod ɗinsa a can, kuma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙira shi, ya bayyana hakan ƙarara tun 2012. CPython kuwa, babbar manhajar yaren Python, tun da ya koma GitHub a 2017, ta nan yake karɓa. Android da Chromium suna kan Gerrit. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi irin aikin da za ka fara sa hannu a ciki, da hanyar da za ka ba lokacinka ka ƙware a kanta da farko. In kuma kai ne mai kafa sabon aiki, to kai za ka yanke ta inda jama'a za su riƙa aiko maka. Wannan kwatancin don waɗannan shawarwari ne.

Shirin da ke gaban kowace hanya

Faci rubutu ne kawai da ke nuna layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara. Manhajar diff mai fitar da bambancin fayil biyu tana cikin Unix tun shekarun 1970, Larry Wall ya fitar da patch mai ɗora bambancin a 1985, sannan Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, ya zo a watan Afrilun 2005 bayan masu kanel sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, wadda ke yi musu wannan aiki a da. Duk hanyoyin ukun a kan Git suke tsaye, don haka shirin farko iri ɗaya ne, kuma a nan ne yawancin faci ke cin nasara ko faɗuwa, tun kafin a danna komai.

Mu ɗauka ka gano cewa wata manhaja tana mutuwa idan fayil ɗin saitinta yana da layin da babu komai a ciki. Kana cikin gyara sai ka ga sunan wani aiki an rubuta shi da kuskure, ka gyara. Ka ga tazarar layuka a hargitse, ka daidaita. Yanzu kana da canji uku a fayil ɗaya, kuma zuciya za ta ce ka dunƙule su ka tura. Kada ka yi. Gyaran na ainihi layi biyu ne, amma ya nutse cikin layi tamanin na kwalliya, kuma mai dubawa sai ya tono shi. Da `git add -p` za ka iya rarrabe su, kowane canji ya zama komit mai zaman kansa, wato mataki guda da aka adana a tarihin Git tare da saƙonsa. Akwai dalili na biyu da ya fi sauƙin dubawa nauyi: idan bayan shekara uku aka gano matsala, za a yi amfani da `git bisect`, wanda ke raba tarihi biyu-biyu har ya kamo komit ɗin da ya kawo ta. Wannan ba ya aiki sai in kowane komit yana ginuwa kuma yana gudana shi kaɗai. Haka nan in gyaranka ya zama dole a janye shi, ana so a janye shi ba tare da an kwashe wasu abubuwa biyu da ba ruwansu ba.

Sai saƙon komit. Layin farko gajere, galibi da sunan ɓangaren da aka taɓa a gaba, da sigar umarni, wato `fix` ko `add`, ba `fixed` ko `added` ba. Sai layi guda a bar shi fanko, sannan bayani. Bayanin ba wurin maimaita abin da kod ya riga ya nuna ba ne. Ka faɗi mece ce matsalar, wa take shafa, ta yaya za a iya sake haifar da ita, me ya sa ka bi wannan hanyar ka bar waccan. Ni a ganina wannan sakin layin shi ne mafi daraja a duk abin da za ka tura, domin kod yakan canza, amma dalilin da aka rubuta yana nan a tarihi ga wanda zai zo yana tambayar me ya sa aka yi haka.

Hanyar imel

Ita ce mafi tsufa, kuma har yau a kanta kanel ɗin Linux da Git kansa da QEMU da U-Boot suke. Umarnin `git format-patch` yana mayar da kowane komit wasiƙa: layin farkon saƙonka ya zama kan magana, bayanin ya zama jikin wasiƙa, bambancin kod ya biyo a ƙasa. In komit ɗin sun fi ɗaya, za su fito da lambobi, 1/3 da 2/3 da 3/3, kuma `--cover-letter` yana ƙara wasiƙar gabatarwa mai lamba 0/3 inda za ka bayyana manufar jerin gaba ɗaya. Daga nan `git send-email` ya aika su a zare ɗaya. Mai kula a can ya karɓa da `git am`, su koma komit a rumbunsa da sunanka da kwanan watanka da saƙonka yadda ka rubuta.

A kanel akwai kayan aiki biyu da ba a tsallakewa. `scripts/checkpatch.pl` yana duba salon rubutu, ya nuna maka inda ka saɓa. `scripts/get_maintainer.pl` yana karanta fayil ɗin MAINTAINERS ya faɗa maka su wa ke kula da ɓangaren da ka taɓa da kuma zauren imel da ya dace. Na biyun yana da muhimmanci ƙwarai, domin babu wani akwati guda da ake jefa faci a ciki. Wanda ya tura wa babban zauren kanel kaɗai, bai sa sunan mai kula ba, da wuya wani ya lura da shi cikin tulin wasiƙun da ke shigowa kullum.

Wahalar farko ta wannan hanya ba ta kod ba ce, ta imel ce. Dole wasiƙar ta kasance tsagwaron rubutu, ba HTML ba, kuma a kanel facin a jikin wasiƙa ake so, ba a maƙale ba, don mai dubawa ya iya yanko layi ya amsa a ƙarƙashinsa. Shafukan imel na burauza sukan karya dogayen layuka ko su mayar da tab sarari, kuma da zarar haka ta faru facin ba zai ɗoru ba. Shi ya sa ba a kwafe faci a liƙa a Gmail. Ana saita `git send-email` ne ya yi magana da sabar imel kai tsaye, wanda a Gmail yakan buƙaci kalmar sirri ta musamman ga manhaja bayan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wasu sabar kamfanoni kuma suna liƙa dogon gargaɗi a ƙarshen kowace wasiƙa, ko su sake fasalinta. Mutane da yawa a nan suke karaya, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai saiti ne da ake yi sau ɗaya.

Bayan turawa sai jira, kuma jiran yana da ƙa'ida. Takardar kanel kan tura faci ta ce a bari aƙalla mako guda kafin a sake tuntuɓa. Akwai kuma lokaci: kanel na fitar da sabon zubi kusan duk mako 9 zuwa 10, makonni biyun farko su ne tagar haɗewa, lokacin da masu kula ke miƙa wa Torvalds abin da suka riga suka tara. A cikin waɗannan makonni biyu hankalinsu ba ya kan sabon faci. Ɓangaren sadarwa ma rufe reshensa na sababbin abubuwa yake yi gaba ɗaya har tagar ta wuce, kuma yana neman kada jeri ya wuce faci 15, kada kuma a sake turo zubi na gaba kafin awa 24. Kowane ɓangare da nasa ƙarin sharuɗɗan, sai an karanta.

Inda wannan hanya ta fi burge ni shi ne zagaye na biyu. An duba, an ce ka gyara abu kaza. Ba za ka ƙara komit mai cewa ka gyara abin da aka ce ba. Za ka koma ka gyara ainihin komit ɗin da `git rebase -i`, ka fitar da sabon jeri da `-v2`, ka tura a matsayin sabon zare. A ƙarƙashin layin nan mai gajerun zane uku da ke raba saƙo da kod, za ka rubuta abin da ya canza tsakanin zubi na farko da na biyu. Bayanin da ka rubuta a ƙasan wannan layi ba ya shiga tarihi, don masu dubawa ne kawai. Idan wani ya ba ka Reviewed-by ko Acked-by ko Tested-by, wato layin shaidar cewa ya duba ko ya amince ko ya gwada, a zagayen da ya wuce, kai ke da alhakin ɗauko shi ka saka a sabon zubin, matuƙar facin bai canza sosai ba. In gyaran na kuskuren da wani tsohon komit ya kawo ne, ka sa layin Fixes da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar wancan komit da kan maganarsa, domin masu kula da tsofaffin zubi su san har ina za su kai gyaran. Sakamakon duk wannan shi ne tarihi mai tsabta, kuma saƙon komit yana shan bita kamar yadda kod ke sha, tunda shi ne jikin wasiƙar da kowa ke karantawa.

Rauninta ma a fili yake. Ba ka da shafi guda da zai nuna maka matsayin facinka. Wasu ɓangarori suna amfani da Patchwork don bibiya, wasu ba sa yi. A aikin Git, wanda Junio Hamano ke kula da shi tun 2005, sai ka riƙa duba wasiƙar da yake fitarwa a kai a kai mai bayyana inda kowane jeri ya kwana. Shiru kuma yana iya nufin komai: ba a gani ba, an gani ba a samu lokaci ba, ko an ɗauka ba a faɗa ba. Abubuwa sun yi sauƙi da zuwan lore.kernel.org, inda kowace wasiƙa ke da adireshi na dindindin, da kuma kayan aikin b4 na Konstantin Ryabitsev, wanda ke shirya jeri, ya riƙe lissafin zubi, ya tattaro alamun bita da kansa. Duk da haka, dole mutum ya iya riƙe zaren aikinsa da kansa.

A lura cewa ba duk masu imel ne ke bin al'ada ɗaya ba. A PostgreSQL ana maƙala facin ne a wasiƙa, sannan a yi masa rajista a manhajar commitfest don kada ya ɓace, kuma ana sa ran wanda ya kawo faci shi ma ya duba na wani.

Hanyar buƙatar haɗewa

GitHub, wanda ya buɗe a 2008, yana kiranta pull request. GitLab, wanda aka fara a 2011, yana cewa merge request. Aikin ɗaya ne: ka yi kwafin rumbun a ƙarƙashin sunanka, ka buɗe reshe, ka yi komit, ka tura reshen da `git push`, ka danna maɓalli. Shi ke nan, ba saitin sabar imel, ba fargabar karyewar layi. A nan mafi yawan ayyuka suke, kuma masu ƙaura zuwa nan suke yi: GNOME ya koma GitLab a 2018, KDE ya bi a 2020, LLVM ya bar Phabricator ya koma buƙatun haɗewa na GitHub a 2023.

Babbar fa'idarta ga sabon shiga ita ce gwajin atomatik. Kana turawa injina za su gina manhajar a tsare-tsare daban-daban, su gudanar da gwaje-gwaje, su nuna maka kore ko ja a shafin. Sau da yawa za ka gano kuskurenka ka gyara kafin wani ɗan Adam ya buɗe shafin, wanda ke rage kunya kuma yana rage wa masu kula aiki. A GitHub, in karon farko ne kake turawa wani aiki, galibi sai mai kula ya amince kafin gwajin ya tashi, don haka kada ka firgita in ka ga bai motsa ba. Kanel ma yana da injinan gwaji, irin robot ɗin Intel da syzbot na Google, amma rahotonsu wasiƙa ce da ke zuwa daga baya, a gaban kowa.

Sannan komai yana wuri ɗaya: rahoton matsalar, tattaunawa, sharhi a kan layi, sakamakon gwaji, matsayin buƙatar. Mai dubawa zai iya rubuta gyaran da yake so a cikin sharhinsa, kai kuma ka karɓa da dannawa ɗaya. Tun 2019 ana iya buɗe buƙata a matsayin daftari, don a nuna aikin bai kammala ba amma ana son jin ra'ayi.

Abin da ke damuna da wannan hanya shi ne yadda take sa mutum sakaci da komit. Shafin yana nuna bambancin reshen gaba ɗaya a dunƙule, kuma kusan kowa a nan yake dubawa. Saƙon komit yana wani shafi da ba kowa ke buɗewa ba, kuma babu wurin yin sharhi a kan layukansa kamar yadda ake yi wa kod. Sai ka tarar da reshe mai komit goma sha biyu, rabinsu suna cewa an sake gyarawa, ɗaya yana karya abin da na gabansa ya gina. Bayanin kirki kuma yana cikin akwatin buƙatar, wanda ke zaune a sabar kamfani, ba a cikin Git ba. Ayyuka da yawa suna magance hargitsin ta hanyar matse komit duka su zama ɗaya lokacin haɗewa, damar da GitHub ya ƙara a 2016. Ga ƙaramin gyara wannan ya wadatar. Ga babban canji mai matakai biyar asara ce, domin matakan sun narke, `git bisect` zai nuna maka dutse guda na layi dubu.

Zagaye na biyu a nan yana da hanya biyu, kuma sai ka tambayi wadda aikin ke so. Ko ka ƙara sababbin komit a kan reshen, wanda ke sa mai dubawa ya ga abin da ya canza kawai, a matse daga baya. Ko ka gyara tsofaffin ka tura da ƙarfi, tarihi ya yi tsabta, amma sharhin baya ya rabu da layukansa, mai dubawa ya rasa inda ya tsaya. CPython, alal misali, yana roƙon kada a tura da ƙarfi bayan an fara bita, tunda matsewa yake yi a ƙarshe. Akwai tsaka-tsaki mai kyau: ka yi gyare-gyaren da `git commit --fixup`, su tsaya a bayyane lokacin bita, in an amince ka narkar da su da `git rebase -i --autosquash`. In za ka tura da ƙarfi, yi da `--force-with-lease`, wanda zai ƙi tafiya idan wani ya ƙara abu a reshen ba ka sani ba.

Akwai kuma batun dogaro da kamfani guda. Microsoft ya sayi GitHub a 2018. A 2019 an taƙaita wa masu amfani a Iran da Siriya da Kirimiya wasu ayyuka saboda takunkumin Amurka. Kod ɗinka ba ya ɓata, tunda kowane kwafin Git cikakke ne, amma tattaunawa da sharhi ba sa biyo `git clone`. Gudun dogaro da kamfani guda na cikin abin da ya sa ayyuka irin Debian da GNOME suke gudanar da GitLab a sabar kansu. Ga mai tura faci ɗaya, batun bai da nauyi sosai. Ga mai kafa aikin da yake fatan ya shekara ashirin, yana da shi.

Sauƙin hanyar ma yana da kuɗinsa, kuma masu kula ne ke biya. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, wata gasar tura gyara ta shekara-shekara, buƙatun banza masu canza kalma ɗaya don neman kyautar riga sun yi wa ayyuka ambaliya har masu shirya gasar suka canza doka. Ma'anar wannan gare ka ita ce buƙatarka tana shiga layi mai tsawo, kuma wadda ta zo da bayani da gwaji da alaƙa da rahoton matsala ita ake fara ɗauka.

Gerrit

Gerrit ya fito daga Google a 2008 don aikin Android, a hannun Shawn Pearce. Ban da Android da Chromium, yaren Go da OpenStack da LibreOffice da Wikimedia suna amfani da shi. A burauza ake bita kamar GitHub, amma tunaninsa na hanyar imel ne: komit ɗaya, canji ɗaya, bita ɗaya. Wani ɗan rubutu da ake girkawa a rumbunka yana liƙa layin Change-Id a ƙarshen saƙo, ka tura zuwa `refs/for/` da sunan reshe. In an nemi gyara, ka yi `git commit --amend` ka sake turawa, Gerrit ya gane ta wannan lamba cewa zubi na biyu ne na canji ɗaya. Yana ajiye kowane zubi, yana nuna bambancin kowane biyu, kuma saƙon komit yana fitowa kamar fayil da za a yi wa sharhi layi-layi. Ana jefa ƙuri'a daga -2 zuwa +2, kuma sai mai iko ya ba da +2, injin gwaji ya tabbatar, canji ke shiga.

A batun zagaye na biyu, ban san hanyar da ta kai shi ba. Matsalarsa ita ce fuskarsa ba ta da sauƙin ganewa a ranar farko, kowane aiki da sabarsa da asusunsa, kuma sarrafa jerin komit masu dogaro da juna yana buƙatar hannu ya faɗa da `git rebase`. Ba wanda ke koyon Gerrit haka kawai, aikin da kake so ne zai kai ka.

Sa hannu

Wannan bai bi layin hanyoyin daidai ba, amma yana iya tsayar da kai a kowacce. Kanel ya shigo da takardar shaidar asalin kod, DCO, a 2004 lokacin rigimar shari'ar kamfanin SCO kan mallakar kod ɗin da ke cikin Linux. Layin Signed-off-by da `git commit -s` ke ƙarawa shaida ce cewa kai ka rubuta, ko kana da haƙƙin miƙawa a ƙarƙashin lasisin aikin. Wasu ayyukan kuma yarjejeniya suke so a sa wa hannu, CLA, kamar ayyukan Google da CPython. In kana aiki a kamfani, mai yiwuwa kod ɗin da ka rubuta mallakinsa ne, kuma sai ka nemi izini kafin ka sa hannu a ko wanne. A hanyar imel kuma ka sani sunanka da adireshinka za su zauna a ma'ajiyar jama'a har abada, ba a gogewa.

To wacce?

In ba ka taɓa tura faci ko'ina ba, fara da buƙatar haɗewa. Dalilina shi ne a karon farko abubuwan koyo sun riga sun yi yawa: karanta kod ɗin wasu, bin salonsu, rubuta gwaji, karɓar suka ba tare da zuciya ta tashi ba. Bai kamata saitin imel ya shiga cikin jerin ba. Zaɓi manhajar da kake amfani da ita da gaske, karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, sannan ka duba buƙatu goma na ƙarshe da aka haɗe. Daga nan za ka ga tsawon lokacin da ake ɗauka kafin amsa, ko ana matsewa, da irin harshen da masu kula ke yi wa baƙo. Aikin da buƙatu suka yi shekara ba a taɓa ba, wuce shi, komai kyansa.

Amma ka shirya komit ɗinka kamar ta imel za ka tura. Wannan ita ce shawarar da na fi riƙewa a duk rubutun nan. Shafin ba zai tilasta maka ba, kai za ka tilasta wa kanka: canji ɗaya a komit ɗaya, kowanne yana ginuwa, kowanne da dalilinsa a rubuce. Gudanar da `git format-patch` ko da ba za ka aika ba, ka buɗe fayil ɗin ka karanta kamar wasiƙa daga wanda ba ka sani ba. In ba ka fahimci dalilin canjin daga wasiƙar kaɗai ba, mai dubawa ma ba zai fahimta ba. In ka yi zubi na biyu, `git range-diff`, wanda ya shigo Git a 2018, zai nuna maka bambancin jerin biyu, kuma liƙa sakamakonsa a sharhi yana rage wa mai dubawa rabin wahalar turawa da ƙarfi.

In burinka kanel ne, ko direbobin na'urori, ko QEMU, kada ka ɓata lokaci kana kewaye. Koyi imel kai tsaye. Haka ma in intanet ɗinka ba ta da ƙarfi ko tana yankewa, wannan hanya ta fi tausaya maka: wasiƙun rubutu ne marasa nauyi, za ka sauke zare ka karanta, ka rubuta amsa ba tare da haɗi ba, ka aika in ya dawo. A kanel, sashen `drivers/staging` da Greg Kroah-Hartman ke kula da shi an san shi da karɓar ƙananan gyare-gyaren sababbin shiga, alhali a wasu ɓangarorin facin gyaran salo kawai ba ya samun maraba.

In kai ne mai kafa aiki kuma kana son hannaye da yawa, buƙatar haɗewa ce za ta kawo su. Rubuta a fili ko kana matsewa ko kana son tarihi mai tsabta, don kada kowane baƙo ya yi ta canka. Gerrit sai aiki ya girma, masu bita sun yi yawa, akwai kuma mai kula da saba.

Katangar da ke tsakanin hanyoyin ma ba ta kai tsayin da ake zato ba. GitGitGadget, wanda Johannes Schindelin ya ƙirƙira, yana karɓar buƙatar haɗewa a GitHub ya mayar da ita jerin wasiƙu zuwa zauren Git. Go yana karɓar buƙata a GitHub, wani robot ya kwashe ta zuwa Gerrit inda ake bitar. b4 yana da hanyar aikawa ta yanar gizo ga wanda sabar imel ɗinsa ke ɓata faci. Duk waɗannan suna ɗauke maka wahalar aikawa ne kawai, amsa tambayoyin masu bita tana nan a inda aikin yake yinta.

Abu ɗaya ne bai bi ta ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan uku ba: gyaran ramin tsaro. Faci a bainar jama'a yana nuna wa kowa inda ramin yake tun kafin masu amfani su samu kariya. Nemi fayil ɗin SECURITY ko shafin tsaro na aikin, ka kai rahoto a asirce, su za su faɗa maka lokacin da facin zai fito fili da kuma ta inda zai bi.